Inda Bafal Ɗin Kalli Yake Yankewa

Kalli mijin yayata Yakaka ne, don haka ina da lasisin tsokanarsa har ranar da ɗayanmu zai bar duniya. Manomin tattasai ne a bakin kogin Komadugu, gabas da garin Diffa kaɗan. Dogo ne siriri, mai son a ce ya iya. Duk wani abu mai batir da ya shigo kasuwa, Kalli ne zai fara saye, ya kwance shi, ya mayar, sannan ya zauna yana mamakin kusoshin da suka rage a tabarma.

A cikin tarkacensa abin da ya fi so shi ne bafal, wato ƙaramar lasifikar nan da ake haɗawa da salula ta bulutus, babu igiya. Yakan rataye shi a jikin goribar da ke kusa da injin ban-ruwa, ya kunna wa'azi ko kiɗan ganga, ya jefa wayar a aljihun gaba, ya duƙa yana bin kunya. Yana nisa da goribar sautin yana raguwa, har ya fara sarƙewa, can kuma ya ɗauke ɗif. Abin da ya ba kowa dariya, wurin da yake ɗaukewa daidai yake da iyakar gonarsa da ta Grema.

Grema abokinsa ne tun suna kamun kifi tsirara. Gonarsa ƙarama ce, ba ta kai rabin ta Kalli ba. Da ya ji sauti ya yanke, ba ya ko ɗaga kai, sai ya ce, "To, ka iso gidana, yi sallama." Kalli ya miƙe ya dafe ƙugu ya ce, "Salamu alaikum." Grema ya amsa, su zauna a kan kunyar iyaka su sha shayi. Haka suke yi kullum, har mu da ke zuwa tsinkar tattasai muka haddace.

Daga nan kan Kalli ya kumbura. Ya ƙara sayen bafal biyu, ya kafa ɗaya a bakin ruwa, ɗaya a rumfar shanya, yana yawo tsakaninsu yana lura da inda kowanne yake saki. Ya ce shi yanzu ba ya buƙatar igiyar awo, a yini ɗaya zai gaya maka nisan kowane lungu daga ɗan'uwansa. Na ce masa, "Ya Kalli, in ka gama da gona ka auna mana nisan da ke tsakanin bakinka da aikinka." Ya jefe ni da busasshen tattasai.

Sai shekarar ambaliya ta zo. Komadugu ta ƙetare gaɓa ta kwanta a kan gonaki, da ta janye kuma ba ta bar kunya ko turke ba, sai laka shimfiɗe kamar an share tsakar gida. Goribar Kalli kaɗai ta tsaya. Bulama, mai unguwarmu, ya tara mutane don a sake fitar da iyakoki kafin lokacin dashe ya wuce.

Da aka zo kan tasu, Grema ya taka ya tsaya a wani wuri, ya ce, "Nan ne. Ƙafata ta san wurin."

Da Kalli ya ce to, da an wuce wurin. Amma jama'a sun taru, ga bafal a jaka, ga damar da ya daɗe yana jira. Ya ce, "Bulama, ƙafa tana mantuwa. Bari na'ura ta faɗa, ita ba ta da aboki." Ya rataye bafal a goriba, ya kunna. Don kada a ce ya yi wata dabara a aljihu, sai ya ɗaga wayar sama da hannu, kowa yana gani, ya kama tafiya. Ya iso inda Grema yake tsaye, kiɗa bai ko girgiza ba. Ya wuce shi. Sai da ya shiga gonar Grema sosai sannan sautin ya ɗauke.

Ina wurin. Na ga fuskar Grema, kuma har yau ban so tuna ta ba. Wani daga baya ya yi dariya, ya ce ashe tsoho yana noma gonar mutane tun tuni. Kalli bai ce a yi shiru ba. Bulama ya dubi Grema, Grema ya ce, "Tunda ta faɗa, a kafa turke." Aka kafa.

Abin da ya rage wa Grema bai isa ya riƙe gida ba. Bai yi dashe ba a wannan shekarar. Ya bar wa wani ɗan'uwansa ragowar, ya kwashe iyalinsa zuwa garin Maine, wurin babban ɗansa Abbakar. Bai zo sallama ba. Kalli ya yi ta cewa fushi ne, zai huce.

Gaskiya ta fito ne da tattasai ya fara ja. Kalli yana duƙe yana cire ciyawa, waya a aljihun gaba kamar yadda ya saba, sai sauti ya ɗauke. Ya miƙe ya duba, turke yana can gaba. Ya koma goriba ya sake tahowa, ya sake yankewa a nan. Ya ciro wayar ya ɗaga sama, kiɗa ya dawo tar. Ashe duk shekarun nan jikinsa ne yake tare wayar idan ya duƙa ya ba goriba baya. Wurin da yake tsaye kuwa, nan ne Grema ya tsaya.

Yakaka ta ce ranar ya dawo gida bai taɓa abinci ba. Washegari ya kai Bulama ya nuna masa, ya tumɓuke turken da hannunsa ya mayar. Sannan ya hau mota zuwa Maine.

Grema ya karɓe shi, ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo ruwa. Ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Na yafe, Kalli. Amma ba ƙasar ba ce ta kore ni. Na ce maka nan ne, ka ce a tambayi batir. Yau ma ba don na faɗa ka zo ba, na'urar ce ta sake faɗa maka." Kalli ya tashi ya kamo hanyar gida. 

Grema bai dawo ba. Kalli yana noma masa yankin da ya mayar, duk kaka yana aika buhunan tattasai Maine, Abbakar ya kira ya yi godiya. Na daina tsokanarsa a kan bafal, shi kaɗai ne abin da na cire daga cikin wasanmu.

Bara na je tsinka, ina layi ɗaya da shi. Wa'azi yana tashi daga goriba, muna tafe a duƙe, sai ya sarƙe, ya ɗauke. Kalli ya miƙe ya dafe ƙugu, ya dubi gonar da babu kowa a cikinta, ya ce, "Salamu alaikum." Ya ɗan jira, sannan ya koma ya duƙa.