Macijin Yaya da Ranar Ruwa

A shekarar da wayar hannu ta iso garinmu a gefen Kura, Yayana ya raba mutane gida biyu: masu buga wasan macijin waya da gaske, da irinmu 'yan taɓa-taɓa. Ni in na buga sau biyu macijin ya ciji jelarsa, sai in yi dariya in ajiye. Dariyar nan tana ƙona masa rai.

"Kai ai abin wasa ka ɗauke shi, kamar motar langa-langa," in ji shi. "Wasa na gaske yana da doka, yana da maki, akwai wanda za ka kayar."

Wanda yake son kayarwa wani mai injin casar shinkafa ne daga Bunkure, wanda ya ari wayar Yaya sau ɗaya ya bar makinsa a sama. Wata biyu Yaya yana kallon lambar nan kamar an zagi mahaifinmu.

A ranin shekarar ne Baba ya yanka masa gonar tumatir tasa ta kansa, don a ga ko ya isa riƙe gida. Ruwan kanal kuwa layi ake bi, kowa da ranarsa. Da tamu ta zo, ina can ina ban ruwan albasar Baba, Yaya ya buɗe wa dashensa ruwa, ya zauna a kan kunya ya ciro waya. A ranar ne kuma hannunsa ya faɗa. Ana iya tsayar da wasan, amma a wurin manyan gwanaye irinsa wannan aikin ragwaye ne.

Ihunsa na jiyo na rugo, na zaci kunama ce. Ashe ya kayar da mai injin ne. Ruwa ya shanye fangali ɗaya bayan ɗaya, ya karya kunya, dashen kwana huɗu yana yawo a sama. Shi kuwa gwani yana tsaye cikin taɓo yana nuna mini waya.

Baba ya iso, ya karɓi wayar ya daɗe yana duban lambar.

"Madalla," ya ce. "Wannan kwando nawa ke nan?"

Bayan la'asar ya ce gonar ta dawo hannuna. Na so in ji daɗi, wallahi ban ji ba. Washegari Yaya ya riga ni zuwa, yana tsince dashen daga cikin laka, a gonar da ba tasa ba.