Kausar da Daɓen Maɗaci

A unguwarsu da ke kusa da bakin Binuwai a Garwa, kowa ya san Kausar mai ɗinki. Ita ce babbar 'yar marigayi Malam Lukmanu kafinta, wanda ya shimfiɗa wa falonsa daɓen katakon maɗaci tun tana ƙarama, abin da babu irinsa a layin. Da mijinta ya rasu sai ta dawo gida da kekenta, ta zauna da Inna, mahaifiyarsu. Ƙanwarta Amatullah kuwa tana aikin jinya a Maruwa, sai da salla ake ganinta. Duk da haka Inna ba ta da zance sai na Amatullah.

Damunar da kogi ya cika ya shigo gari, ruwa ya kwanta a falon har gwiwa. Da ya janye sai ya bar laka da wari, katakon ya kumbura ya bankaɗe. Maƙwabta suka ce a cire shi a yi siminti. Inna ta fashe da kuka, ta ce hannun Malam ne a wurin.

Kausar ta rufe keke. Ta nemo Eugène, tsohon abokin aikin babanta, ya nuna mata yadda ake zare ƙusa ba tare da an fasa katako ba. Ita ta wanke kowane falle, ta jingine su a inuwa don kada rana ta lanƙwasa su, kullum tana juya su. Da suka bushe Eugène ya mayar da su, ita kuma ta durƙusa tana gogewa da samfefa har yatsunta suka sale.

Ana saura shafa mai sai ga Amatullah a kan babur, rungume da gwangwanin werni, man da ke sa katako sheƙi.

"Adda, huta mana, duk kin rame," ta ce wa yayarta, ta karɓe buroshin.

Kafin la'asar ta gama. Daɓen ya ɗauki wani ja mai kyau, mutum na ganin inuwarsa a ciki. Matan unguwa suka cika ƙofa, Inna tana nuna musu.

"Kun ga aikin autata? Zuwanta ke nan gidan ya dawo yadda Malam ya bar shi."

Kausar tana bakin murhu. Ta jira a ambaci sunanta. Ba wanda ya ambata, sai ma Inna ta ce ta kawo wa baƙi ruwa.

Da za su ci tuwo Amatullah ta lura da hannunta. "Adda, kawo in sa miki magani."

"Bar shi," Kausar ta ce. "Ke je ki shafa wa katakonki."

Washegari Amatullah ta faɗa wa Inna cewa wahalar duka Adda ce ta sha, amma Inna ta ce ai wannan ladabin ne ya sa take ƙaunarta. Abin ya ƙara ƙona Kausar.

Ranar da Amatullah ta koma Maruwa, Kausar ta je kasuwa ta sayo ledar ɗaki mai furanni, ta rufe daɓen kaf. Ta ce wa Inna don kada ya ƙarje ne. Eugène ya ce mata leda za ta riƙe danshi, katako yana son iska. Ta ji, ba ta cire ba.

Sai da ta ga wani lungu ya fara baƙi sannan hankalinta ya tashi. Ta yaye ledar da kanta, ta goge wurin, ta buɗe tagogi. Har yanzu idan baƙo ya yaba daɓen, Inna takan fara da sunan Amatullah. Kausar kuma takan taka keke da ƙarfi har ƙararsa ta danne maganar.