Hulba a Rigar Baba

Wata ranar kasuwar Madawa, cikin ranin 1981, Inna ta tashe ni tun kaji ba su sauko ba, ta ce yau babu lakwal, wato makaranta, zan raka Baba sayar da albasa. Shekarata tara, amma na san ba don rakiya aka tura ni ba. An yi makonni, duk ranar da ya dawo kasuwa sai ta shinshina rigarsa kafin wanki, ta ji hulba. A ƙauyenmu kuwa, can gefen Galma, hulba ta mata ce, masu jego ake dafa wa don nono ya kawo. To ina namiji ya same ta? Inna ta riga ta yanke hukunci: akwai wata a Madawa, har da jariri. Kwanukanta ma ta ɗaure su a zane ta tura ƙarƙashin gado. "Ki buɗe ido," in ji ta, "ki gano min gidan da shika shiga."

Da aka yi azahar, albasa ta ƙare, Baba ya waiga dama da hagu kamar mara gaskiya, ya ja ni bayan tasha muka faɗa wani zaure. Na baza ido ina neman matar. Amma ba mace a ciki, maza ne a tabarmi, sai wani Balarabe ɗan ƙasar Yaman da ya ɗaura zane kamar Inna. A gabana ya kwashe ƙasa daga kan wani murfi, ya zaro shinkafa da naman rago daga cikin rami. A wurinmu abin da aka binne ba na alheri ba ne, nan take na ce a raina asiri ne. Sai kuma aka dire mana baƙar tukunyar dutse tana ta tafasa babu wuta a ƙarƙashinta, da koren kumfa a sama, da gurasa mai faɗin faifai. Na ƙanƙame hannuna. Baba ya yagi gurasa ya dangwala, ya lumshe ido, irin fuskar da ban taɓa gani gare shi a gida ba. Yunwa ta ci ƙarfina, na ci har na suɗe tukunyar. A hanya ya ce, "Kada ki hwaɗi ma kowa. Magidanci ba shi cin abinci kasuwa."

Ko takalmi ban cire ba na kwashe labari kaf na ba Inna. Ba ta yarda ba, ta ce alewa aka saye ni da ita, gobe za ta yi mini kitso ta kama hanyar gidansu a Babankatami. Washegari ina tsakanin gwiwoyinta, sai na ji hannunta ya tsaya. Ta sunkuyo ta shinshina wuyana, ta sake shinshinawa. Ashe kumfan nan hulba ce, ta fito mini a gumi. Ta yi dariya har da hawaye, ta fasa tafiya, kuma kafin la'asar labari ya kai bakin rijiya.

Aure ya tsira, amma Baba ya sha ba'a, har abokan wasansa suna ce masa mai jego. Bai sake taka zauren ba har ya bar duniya. Yau ni da maigidana muna shiga gidan abinci ido na ganin ido, ba mai ko kallonmu. Shi kuwa gona ce da garka tun safe har faɗuwar rana, kuma ban san wani abu da ya taɓa yi don jin daɗin kansa ba sai wannan. Ni ce na raba shi da shi.