Ƙwaryar Inna Mai Nono

Ko yau in na ji ƙamshin man shanu a kan tuwo, sai in gan ni cikin lungun gyartai na kasuwar Gummi, ɗauke da abincin kakana.

Lungu ne ɗan siriri, jaki biyu ba su iya giftawa. Kakana ya ce da can hanyar jakuna ce, ubansa ya fara kafa rumfa a gindin tsamiya, sauran suka biyo baya. Daga baki masu fura, can ciki mai tsire da hayaƙinsa, tsakiya kuwa gyartai, tsofaffi masu ɗinkin ƙwarya, har da kakana. Ranar kasuwa ba ka jin maganar na kusa da kai.

Akwai wata dattijuwar Bafillatana daga wajen Bukkuyum, Inna mai nono muke ce mata. Babbar ƙwaryarta ta gado ce, ɗinki ya fi lafiyayyen wuri yawa.

"Tsoho, matarka ta sake fashewa," in ji ta, tana miƙa wa kakana ƙwaryar.

"Ke dai hannunki ad da nauyi. Aje ta nan."

Ba ya karɓar ko kwabo a wurinta, ladansa ludayin nono ne. In ya gama sai ya cika ƙwaryar da ruwa, ya ɗora mini a ka. In ɗigo ya sauko mini a goshi, a sake aiki. Ita ko tana ta dariya.

Wata damina ta kawo ƙwaryar, ta ce sai kasuwa mai zuwa. A lokacin nan ne daji ya fara lalacewa, rugage suka riƙa tashi. Kasuwa ta ci, ba ta zo ba. Wata ta ci, shiru. Kakana ya rataye ƙwaryar a rumfa. Kowace Bafillatana ta shigo lungun sai ya nuna mata zanen gindinta, ko ta san mai ita. Wani ya taya, ya ce ba a sayar da amana. Har idonsa ya dushe yana shafa ta da mai don kada ta bushe.

Yanzu masu cajin waya da masu robobi sun cika lungun, tsamiyar ma an sare. Ƙwaryar kuwa ta dawo hannuna. Ni ba mai yawan fita ba ce, amma duk mai nonon da ta yi sallama a gidanmu sai na fito mata da ƙwaryar. Har yau ban zuba kome a ciki ba. Ai ba tawa ba ce.