Farcen Ƙaramin Yatsan Jikata

Tun ina da ƙarfin ɗauko tulu daga rijiya ba tare da na huta a hanya ba nake ƙunsa wa amare lalle. A ƙauyenmu, can wajen Gatawa, babu amaryar da aka kai ɗaki ba ta biyo ta hannuna ba. Har daga Tsamaye ana aiko mini da jaki, daga baya aka koma aiko mashin. Ina da itacen lalle a bayan ɗakina, ni na dasa shi da kaina. Ni ke tsinkar ganyen, in shanya a inuwa, in daka, in tankaɗe, in kwaɓa da abin da na sani wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Idan na sa hannun yarinya cikin zunguru, wato dogon ƙoƙon nan da ake zura hannu a ciki don lalle ya kama, to da an fiddo shi sai mata su yi ta juya shi suna kallo, ja wur har ya doshi baƙi. Ba yabon kai ba ne, a tambayi duk wadda ta san ni.

Da zaman ƙauye ya gagara muka kwaso abin da ya kwasu muka dawo Sabon Birni, gidan ɗana. Itacen yana can. Zunguruna dai na rungumo shi a kan mashin, ban bari an ɗaure shi cikin kaya ba. Tare da ni akwai jikata, wadda uwarta ta rasu ta bar mini ita tana rarrafe. Ita ce ta ƙarshe a cikin 'yan matan da na rena, kuma tun tana ƙarama nake duban yatsunta dogaye ina cewa a raina, waɗannan za ni ƙunsa in ajiye sana'a.

To, sai aka sa ranar aurenta, da yaron da ita ta zaɓa, mai gyaran mashin a bakin kasuwa. Ina ta neman lalle mai kyau, ina shinshina na kasuwa ina mayarwa, sai ga ta wata safiya ta shigo da baƙuwa. Wata 'yar siririya ce daga garin Isa, da jaka a kafaɗa. Ta durƙusa ta gaishe ni da kyau, ba zan ce ba ta da ladabi ba. Suka shimfiɗa tabarma a gindin bango, ta zazzage jakar, sai ga 'yan kwalabe kamar na turare. Jan farce ne, amma wanda suka ɗauka shuɗi ne, shuɗi mai sheƙi kamar wuyan zabo.

Kafin a ce haka tsakar gida ta cika. 'Yan matan maƙwabta, matan aure, har matar ɗana ta bar tukunya a kan wuta ta zo ta tsaya. Yadda suka yi da'ira suka sunkuya a kan yarinyar nan, haka ake yi mini a da. Ni kuwa ina zaune a ƙofar ɗakina, babu wadda ta waiwayo.

"Kaka, dibi," in ji jikata, ta miƙo mini hannu tana kaɗa yatsu. "Shi ake yayi bana. Gwaji ne muka yi, ranar biki za ta sake mini."

Na ce, "Ranar biki mi?"

"Farcen kawai, Kaka."

"Farcen ba a jikin hannu yake ba? Ke, shuɗi wa za a nuna wa? Lokacin da nake budurwa, in na ɗaura turkuɗi shunin yakan kwana uku a fatata, samari na tuntuɓe a hanya. Uwar wagga yarinya ma ba a haife ta ba."

Suka yi dariya, suka koma kan abinsu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin ya yi mata kyau. Na duba, na sake dubawa ta wutsiyar ido ko zan ga inda ya ɓaci, ban gani ba.

Kwana biyu bayan haka suka fita rabon cingam na gayyata, gida ya yi shiru. Na shiga ɗaki neman tsintsiya sai na ga kwalbar a kan taga, yarinyar ta bar wa jikata. Na ce bari in ga mene ne a ciki da har za a ture aikin shekara da shekaru. Na buɗe, wari ya bugi hancina kamar na fetur. Na shafa a babban yatsa. Na shafa a na kusa da shi. Kafin in farga hannun hagu ya cika, har ya ɗan hau kan fata don idona ba kamar da ba. Na fito haske na ɗaga hannun. Wallahi na daɗe a tsaye. Hannun da ya yi daka da surfe da wankin jikoki, sai ga shi kamar na matar wani babba.

Ina nan aka kira azahar. Na ɗauki buta. Ni a sanina duk abin da aka shafa da ruwa-ruwa, sabulu na fidda shi, in kuma rini ne irin lalle, to ya shiga cikin farce, ruwa na bi ta kansa, alwala ta yi. Na zuba ruwa sai na ga yana gangarewa kamar a kan leda, farcen ko jiƙa bai yi ba. Na sa sabulu, na sa toka, na goga da dutsen ƙafa. Yana nan yana sheƙi.

A haka ƙawata ta same ni, wata tsohuwar Bafillata da ke kawo mana nono, wadda muka saba tun a ƙauye. Ta sauke ƙwarya, ta dubi hannuna, ta dubi fuskata, ta zauna a kan turmi a hankali.

"Barka, Bagobira," ta ce. "Ashe ƙuruciya ta dawo."

"Wace ƙuruciya?"

"Ai wanga abu ba a sa shi sai mace tana fashin salla, don ruwan alwala ba ya ratsa shi. Duk yaran nan haka suke yi, ko su goge kafin lokaci. Ni dai tun shekarun baya na ɗauka mun gama da wannan ni da ke. In gaya wa ɗanki ya fara neman ragon suna?"

Na ce ta rufe mini baki. Ta ce ita ba ta da bakin da za ta rufe, haƙoran duk sun zube. Ta riƙe mini hannu na kankare da reza, muka fidda rabi, na yanki gefen yatsa, sauran ya maƙale a lungun farce. Rana tana ta yin ƙasa. Ni da ban taɓa haɗa azahar da la'asar ba sai ranar da muka gudo.

Babu yadda na iya. Da jikata ta dawo na ɓoye hannun cikin zane na ce ta kira mini 'yar Isan nan, don ashe tana nan garin gidan gwaggonta. Ta zo da wani ruwa a kwalba da auduga. Ta durƙusa a gabana, ta ɗora hannuna a cinyarta, shafa ɗaya biyu, farce ya fito fes. Da ta yi dariya da na samu abin riƙewa. Ba ta yi ba.

"Kaka, ai ya karɓe ki," ta ce a hankali. "An ce mini babu mai kwaɓin lalle irin naki. Da za ki koya mini."

Na ce, "Za ni salla."

Da biki ya matso, jikata ta zo ta zauna kusa da ni tana murza mini ƙafa, irin abin da take yi in tana son wani abu. Ta ce ni za ni ƙunsa mata ƙafafu da tafin hannu da yatsu, amma a rufe farcen da salatif don kada lalle ya kama, saboda shuɗin ya fi fitowa a kan farin farce. Na ce wato in yi shara in share wa wata wurin zama. Ta ce, "Kaka, ke fa kika ce ba ki ƙi mini komai." Haka ne, na taɓa faɗa, tana da shekara biyar, a kan rake.

Na yi kwaɓin da ban taɓa yin irinsa ba, ko da yake lallen kasuwa ne. Na yayyanka salatif na rufe farce ɗaya bayan ɗaya, tana kallo tana hira da ƙawayenta. Da na zo kan ƙaramin yatsan hannun dama, na ɗora salatif ɗin, na sa babban yatsana na zame shi, na cusa lalle a wurin na danne, na zura hannun cikin zunguru.

Da aka wanke, farce tara fari, ɗaya ja kamar garwashi. Ta dube ni. Na ce salatif ɗin zamanin nan ba ya da danƙo. 'Yar Isa ta zo ta shafa shuɗinta a kan goman, sai da ta yi wa ƙaramin shafi uku kafin ya rufu. Ranar biki kowa hannun amarya yake ɗauka a waya, kowa tambaya yake wa ya yi farcen. Mutum biyu ne suka tambayi wa ya yi ƙunshin, su ma tsofaffi, ɗaya kuma ƙawata ce mai nono da ta riga ta sani. Na ƙirga. 'Yar Isa ta tafi da alkawarin biki huɗu, ni ko ɗaya.

Bayan sati uku jikata ta zo gaishe ni. Ta miƙo hannu za ta karɓi kofin ruwa, na riƙe hannun. Babu shuɗi ko ɗigo, ta ce tun kafin la'asar ta ranar bikin ta goge. Ƙunshin tafin ya kusa ɓacewa. Amma ƙaramin farcen yana nan ja, sai ɗan fari da ya fara tsirowa daga gindi.

"Mijina ya ce mi ya sa guda ɗaya," ta ce. "Na ce ya tambayi salatif."

Na ce ta sha ruwanta. Na lissafa a raina, zai kai wata uku ko huɗu kafin ya gama fita. Da za ta tafi na ga bakin wata kwalba a jakarta, kore ce wannan karon. Ban tambaya ba.