Ranar da Na Dafa Ɗanyen Mai a Gwangwanin Madara

Ko tsufa ya ci ni har na fara manta inda na ajiye hulata, ba na jin zan manta da ranar da Inna ta so ta ɗura wa 'yata ɗanyen mai.

A lokacin ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandare a Suleja, muna haya a Bagama. Zazzaɓi ya kama yarinyar har ta yi jijjiga, muka kwasa sai asibiti. Suka ce na cizon sauro ne, suka ba da magani, jiki ya yi sauƙi. Amma Inna, wato mahaifiyata, wadda ta zo dubiya daga Zariya, hankalinta bai kwanta ba. Ta taɓa rasa ɗa ta wannan hanya, tun kafin a haife ni.

Ana cikin haka maƙwabciyarmu, wata 'yar kudu mai kirki da mijinta ke tuƙa tankar mai, ta shigo da 'yar kwalba cike da wani baƙin abu. Ta ce, "Mama, wannan daga ƙasa ya fito, ba a taɓa shi ba. A garinmu cokali ɗaya ake ba yaro, jijjiga ba ya dawowa."

Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin hawa. Na tashi na zuba bayani kamar ina gaban allo, har da Turanci. Inna ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "To malamin makaranta, mun ji. Ai gobe za ka tafi aiki." Na san da na sa ƙafa waje cokalin nan zai shiga bakin yarinyar, matata kuma ba za ta iya hana surukarta ba.

Da la'asar na hura gawayi a kurfoti a tsakar gida, na sa aka shigar da yara ɗaki. Na roƙi Inna ta ba ni kaɗan daga maganin nata, na zuba a gwangwanin madara, na ɗora a wuta. Yana fara ɗumi na sauke, na ce ta sunsuna daga nesa. Ta yamutsa fuska ta ce, "Warin gidan mai nake ji." Na kunna tsinken tsintsiya na kai saman gwangwanin, ban ko taɓa man ba, sai fuu! wuta ta kama iska. Inna ta ja da baya tana salati. Na kifa murfin tukunya, wutar ta mutu.

Na ce mata abin da ya kama ɗin nan fetur ne. Ɗanyen mai taron abubuwa ne a cakuɗe, kowanne da irin zafin da ke tayar da shi. A matatar mai dafa shi ake yi, tururin ya hau wata doguwar hasumiya, ya rabu kamar yadda ake sheƙar hatsi. Mafi rashin nauyi ya kai can sama, shi ne gas na girki, sai fetur, sai kalanzir, sai man manyan motoci. Masu nauyi kuma su zauna a ƙasa.

Ta ce, "To me ke zama a ƙasan?"

Na mayar da gwangwanin kan wuta. Hayaƙi ya yi ta tashi, warin yana sauyawa, har muka koma bakin ƙofa muna tari. Da na sauke ya huce, abin da ya rage baƙi ne ƙirin, mai danƙo. Inna ta karɓi tsinke da kanta ta dangwala, ta ɗaga, ya biyo shi yana zare. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan ba shi ake shimfiɗa wa titi ba?"

Na ce shi ne, kwalta ce.

Ta shiga ɗaki ta ɗauko kwalbar ta miƙo mini, ta ce, "Da ni zan zuba mata wannan a ciki." Sai ta goya jikarta ta fita ƙofar gida. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, don na gane ba taurin kai ya sa ta dage ba, tsoro ne.

Abin da na koya a ranar shi ne mai tsoro ba ya jin dogon bayani, komai gaskiyarsa. In kana so ya saki abin da ya riƙe, ka rage murya, ka ajiye masa abin a gabansa ya gani da idonsa.