Takardun da Suka Naɗe Tsire

A shekarun kiriz, wato matsin tattalin arziki, lokacin da aka rage albashi kowa ya tsuke bakin aljihu, ina gyaran takalma a unguwar Briqueterie. Ni Kirista ne, kusan duk maƙwabtana Musulmi. A lokacin na shiga ajin manya a cocinmu na unguwar Madagascar, da furfurata, ina haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya.

Fasto yakan ba ni ƙananan takardun bishara da Hausar boko in raba. Wasu su karɓa don kunya, wasu su ce in bari, wani tela kuwa yakan zauna mu yi ta muhawara cikin raha. Mai tsiren da ke tsallaken titi ne kaɗai yake aikowa a ƙaro masa. Ya ce mutanensa suna so. Wata uku ina kai masa, ina sa shi a addu'a, har na ba da shaidarsa a coci.

Wata rana matata ta sayo tsire a wurinsa. Da na warware ƙunshin, sai na ga rubutun da na sani, mai da yaji sun jiƙe shi. Takardar siminti da ake naɗe tsire da ita ta yi wuya, shi ne ya samu ta banza a hannuna. Ashe duk layin sun sani, suna dariya.

Na ci gaba da gaida mai tsiren kamar kullum. Sati biyu ina bitar shafin nan har na daina tuntuɓe, domin na san bai iya boko ba, bai san abin da yake naɗe nama da shi ba.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, mutane sun cika gaban tukubarsa, na je na sayi tsinke ɗaya. Ya naɗe mini a irin takardar nan yana murmushi.

"Maƙwabci, a ƙaro mana takarda mana," in ji shi.

Na warware, na karanta da ƙarfi, a hankali. Sunan Allah ya fito sau uku, na Annabi Isa sau biyu. Wani dattijon malami ya karɓi takardar, ya sa tela ya duba, tela ya ce haka ne.

"Kai, da sunan Allah kake naɗe nama?" in ji malamin.

Mai tsire ya shiga rantsuwa. Mutane suka ajiye abin da suka saya. Kwanaki da yawa hayaƙinsa na tashi babu kowa a gabansa, ni kuwa ina kallo daga kan bencina, raina fari.

Malamin ya tattara sauran takardun, ya ce kada in ƙara rabawa a layin. Na bi maganarsa. Da baki na ci gaba da bisharar, ga duk wanda ya kawo takalmi ya zauna jira, amma masu zaman sun ragu.

Fasto ya tambaye ni ko na yafe masa. Na ce ina ƙoƙari. Ko farawa ban yi ba.